Kalangu, bes da murya a waƙa ɗaya: ina ya kamata ikolaiza ta taɓa?

Issaka, Aboabo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wata waƙar aure da nake haɗa sautinta a ɗan situdiyon da nake aiki a nan Aboabo. Abubuwan da ke cikinta su ne muryar mawaƙi namiji, mata uku 'yan amshi, kalangu da aka kaɗa a gabanmu muka ɗauka da makirufo, kik (bugun babbar ganga) da bes irin na na'urar kiɗa ta 808 daga kwamfuta, fiyano, da jita mai salon hailaif. Idan na saurari kowannensu shi kaɗai babu wanda zan kushe, amma da zarar sun haɗu sai waƙar ta cunkushe, kalmomin mawaƙin su riƙa nutsewa duk lokacin da makaɗin ya shigo da ƙarfi, bes kuma ya yi ta gunji ba a gane inda ya sauka. Na ɗaga muryar da desibel 5 (ma'aunin ƙara) a wajen 3,000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti, lambar na hawa sautin na ƙara siranta), ta fito fili, sai dai ta koma tana soka kunne, musamman a sifikar waya. Shin a muryar zan ci gaba da aiki da ikolaiza, wato na'urar ɗaga ko rage wani yanki na sauti, ko kuwa akwai wurin da ya fi dacewa in sa hannu?

Malam Awudu, Asawase

Wa alaikumus salam, Issaka ɗana. Ka mayar da muryar yadda take tukuna, domin abin da ka bayyana ya nuna cewa lafiyarta ƙalau, danne ta ake yi. Haka Allah ya halicci kunnen ɗan Adam: idan sauti biyu suka faɗo a firikwansi ɗaya, wato matakin kauri ko siranta ɗaya, ko kusa da juna a lokaci guda, mai ƙarfin yakan rufe mai raunin, kuma sauti mai kauri ya fi saurin rufe wanda ke bisansa fiye da yadda siririn sauti ke rufe mai kauri. Tushen muryar namiji yana tsakanin 85 zuwa 180 Hz ne, cikarta da ɗuminta kuma suna hawa har wajen 400 Hz. To a wannan yanki ne jikin kalangu yake, a nan hannun hagu na mai fiyano yake, a nan ƙananan tsirkiyoyin jita suke, tunda mafi kaurinsu a 82 Hz take farawa, a nan kuma saman bes yake leƙowa. Abu biyar ke nan a kujera ɗaya. Kamar zaman trotro ne, motar hayar nan tamu, idan mutum ɗaya ya baje, na kusa da shi ba zai samu sarari ba sai an ce wa wancan ya gyara zama.

Kafin ka buɗe ikolaiza ko ɗaya, ka sauke komai ƙasa, ka ɗaga murya ita kaɗai, sannan ka riƙa shigo da sauran ɗaya bayan ɗaya bisa darajarsu a waƙar. A waƙar aure murya ce gaba, domin sunan amarya da na dangi ake jira a ji, kalangu ke bi mata, sauran duka masu rakiya ne. Wanda ka shigo da shi ka ji muryar ta dushe, shi ne mai laifin, kuma a kansa za ka buɗe ikolaiza. Ka ɗaga wani siririn yanki da desibel 8 ko 10, ka ja shi a hankali daga 150 zuwa 600 Hz alhali duk waƙar tana tafiya, inda ka ji cunkoson ya fi muni ka tsaya, ka mayar da ɗagawar ta zama ragi na desibel 2 ko 3, ka kuma faɗaɗa yankin. Na nanata cewa duk waƙar tana tafiya, saboda mai saurare ba zai taɓa jin fiyanon nan shi kaɗai ba, don haka ba damuwa ba ce idan ya yi rama a solo matuƙar ya zauna daidai a cikin jama'a.

Fuseini, Tafo

Malam ya gama magana a kan tsakiya, ni kuma zan ƙara da ƙasa, a matsayina na mai ɗaura sifiku a wuraren biki da suna. Kowane makirufo yana kwaso abin da ba ka gayyata ba: takun ƙafa, motar da ke wucewa, iskar baki, da gunjin wutar lantarki, wanda a nan Ghana yake a 50 Hz tare da 'ya'yansa, wato ninkin-ninkinsa, a 100 da 150, saɓanin Amurka inda yake a 60. Shi ya sa duk wanda ya kwafi saitin cire gunji daga bidiyon Amurkawa yakan yanke wurin da babu komai. Ni dai ina sa haifas, wato matacin da ke zubar da ƙasa ya bar sama, a kan kowane layi in ban da kik da bes. Muryar namiji a 80 zuwa 100 Hz, matan amshi a 120 zuwa 150, jita a 100, fiyano ma har 150 idan akwai bes. Sannan ka duba tazarar bakin mawaƙin da makirufo lokacin ɗauka. Makirufo irin su Shure SM58 suna ƙara kauri sosai idan aka manna musu baki, sai muryar ta zo da kumburin da ba nata ba. Kalangun ma ka sa masa haifas a 150 ka huta.

Baba Mai Kalangu, Sabon Zango

Fuseini, ka yi mini aikin gafara, amma wannan jimla ta ƙarshe ba zan bar ta ta wuce ba. Na tsufa a kan kalangu, kuma na sha zuwa situdiyo in kaɗa, in dawo in ji abin da aka fitar in rasa gane hannuna. Kalangu ba ganga mai murya ɗaya ba ce. Ina riƙe da shi a hammata, idan na matse tsirkiyoyin fatar ta ɗaure muryarsa ta hau, idan na saki ta sauka, kuma da wannan hawa da sauka ne yake kiran suna, yake yin kirari, mai jin Hausa ya gane abin da ya ce. Haka 'yan'uwanmu Dagomba suke yi da lunga, haka Asante suke yi da donno. Muryar da ta fi tsada a wurina ita ce ta sakin, wadda ke sauka ƙasa ta cika ƙirji. Idan ka yanke ƙasan, ka bar ni da ƙarar makaɗi a kan fata kawai, tak-tak-tak, kuma maganar da na yi ta tafi rabi.

Akwai kuma wani abu da nake gani yaran situdiyo suna yi. Sai su ji wani wuri yana yi musu amo, su haƙa rami siriri mai zurfi a wurin. To ni ba a wuri ɗaya nake tsaye ba. Duk lokacin da muryar kalangun ta ratsa ta ramin nan sai ta ɓace, ta wuce ta sake bayyana, sai ka ji kamar makaɗin ne hannunsa ke rawa. Issaka, ɗana, ka yi duk gyaran da za ka yi, amma ka saurari kirarin daga farko zuwa ƙarshe, idan akwai gaɓar da ta faɗi to an yi wa kalangun illa.

Malam Awudu, Asawase

Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka ce, kuma abin da ka faɗa shi ne ginshiƙin wannan muhawara. Ikolaiza a tsaye take, kalangu kuwa tafiya yake yi, don haka siririn yanka bai dace da shi ba sai idan amon na ɗakin ne ko na makirufo, wanda ba ya motsi komai matsin da makaɗi ya yi. Hanyar gane bambancin mai sauƙi ce. Ka buɗe allon da ke nuna firikwansi, irin wanda ke cikin Fruity Parametric EQ 2 ko FabFilter Pro-Q, ka duba: tudun da ke hawa da sauka tare da hammatar Baba shi ne muryar kalangu, kada ka taɓa shi da wuƙa, wanda ya kafe a wuri ɗaya shi ne baƙo. Game da haifas kuma, ka nemo mafi ƙasƙancin bugun da ke cikin waƙar, ka ajiye matacin can ƙasa da shi, mai gangara a hankali, desibel 12 a kowane ninki na firikwansi ya isa.

To yaya za a yi da dannewar da yake yi wa murya? Hanyoyi biyu nake bi. Ta farko, kalangu yana da sassa biyu, jiki da kuma bugun makaɗi, wanda ke can sama tsakanin 2,000 zuwa 5,000 Hz, daidai inda baƙaƙen magana suke. Sau da yawa wannan bugun ne ke cinye kalmomi, kuma rage shi da desibel 2 a faɗaɗe ba ya taɓa kirari ko kaɗan. Ta biyu ita ce ikolaiza mai motsi, wadda ake kira dainamik. Ka ɗora ta a kan kalangu, ka haɗa ta da layin murya ta yadda za ta rage yankin da desibel 2 ko 3 a lokacin da mawaƙi yake furuci kaɗai, ya yi shiru ta saki. Da haka Baba zai samu cikakken filinsa a tsakanin baitoci, inda dama nan ne jama'a ke jiran sa.

Fuseini, Tafo

Na karɓa, Baba, kuma a fili ma idan ka zo zan sauke matacin. Dalilina shi ne a wurin biki sifikun ƙasa suna mayar da kaurin cikin makirufo har ya fara kuka, wanda ba matsalar situdiyo ba ce. Issaka, idan makirufo biyu ka sa, ɗaya a kowace fuska ta kalangun, ka gwada juya folariti na ɗaya, wato kifar da siginarsa sama ta koma ƙasa, kafin komai. Fuskar da aka buga tana shiga ciki ne a lokacin da ɗayar ke fitowa, sai makirufo biyun su riƙa soke kaurin juna, kuma babu ikolaizar da za ta dawo da abin da aka soke.

Sadiya, Nima

Gaisuwa ga iyaye da yayye daga Accra. Ni aikina ya fi yawa a kan murya, ta talla da ta waƙa, kuma ina so in ja hankalin yaya Issaka kan abin da zai biyo baya idan ya gyara tsakiya. Da zarar cunkoson ya tafi, saman muryar zai bayyana, kuma za ka fara jin kaifin sautukan s da sh da ts, waɗanda yawanci suke tsakanin 5,000 zuwa 8,000 Hz. A nan ne mutane ke ɗora diyesa, manhajar da ke rage wannan kaifin, su matsa ta sosai. Saitin da ke zuwa da waɗannan manhajoji ba da Hausa aka auna shi ba. Muna da ts da ƙ, waɗanda ake furta su da ɗan fashewa mai kaifi, kuma wannan fashewar ce ke raba su da s da k a kunnen mai saurare. Na taɓa karɓar waƙar da aka matsa wa diyesa har mawaƙin yana cewa an tsara biki ana jin kamar an sara biki, kuma a waƙar aure wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka saita ta ta rage desibel 3 ko 4 a mafi kaifin wurare, sannan ka ba wanda bai san baitocin ba ya saurara ya maimaita maka abin da ya ji.

Sai 'yan amshi. Tushen muryar mace yana tsakanin 165 zuwa 255 Hz, kuma uku ne a kan ɗaya, saboda haka idan suka shigo a kan wutsiyar baitin mawaƙi za su rinjaye shi. Ni nakan haɗa su ukun a layi guda, in rage musu kaɗan a wajen 3,000 Hz inda na bar wa mawaƙin, in buɗe musu iska sama da 10,000 Hz, sannan in raba su hagu da dama in bar shi a tsakiya. Amma a duba a mono, wato a haɗe hagu da dama su zama ɗaya, domin sifikar bulutut da ake kunnawa a gidan biki sau da yawa guda ɗaya ce, kuma rabon hagu da dama ba ya aiki a cikinta.

Abdul-Razak, Alabar

Ina bin wannan darasi da littafi a hannu. Tambayata a kan bes ce, wadda ba a taɓo sosai ba. A ɗakina bes yana girgiza ƙofa, amma idan na tura waƙar ta WhatsApp aka kunna a waya sai a ce babu bes sam. Na ɗaga 60 Hz har ya fara fasa sauti, duk da haka wayar ba ta nuna alamar ta ji ba.

Malam Awudu, Asawase

Razak, sifikar waya ƙarama ce ƙwarai, ƙasa da 200 Hz kusan ba ta fitar da komai, don haka duk abin da ka ƙara a 60 Hz yana cinye sararin waƙar ne ba tare da wayar ta amfana ba. Abin da ke sa a ji bes a ƙaramar sifika shi ne 'ya'yan sautin. Idan jitar bes ta buga sauti a 55 Hz, tana fitar da 110, 165, 220, 275 da sauransu tare da shi, kuma kunne idan ya ji waɗannan yakan cike tushen da kansa ko da sifikar ba ta kawo shi ba. Matsalar 808, wanda asalinsa sautin na'urar TR-808 ce da kamfanin Roland ya fitar a 1980, ita ce kusan tsurarsa yake zuwa, 'ya'yansa kaɗan ne. Ikolaiza kuwa abin da ke akwai take ɗagawa, ba ta haifar da sabo. Sai ka fara ɗora masa ɗan gurzawa, abin da ake kira sacureshan, ya haifi 'ya'yan, sannan ka ɗaga su kaɗan a 200 zuwa 700 Hz kana sauraron murya don kada ka koma gidan jiya. Tsakanin kik da bes kuma dole ka zaɓi mai riƙe can ƙasa. Idan 808 ne ke jan dogon numfashi a 40 zuwa 60 Hz, to kik ya zama gajere, naushinsa a wajen 90 ko 100.

Girgizar ƙofar kuma kada ta ruɗe ka, ɗakin ne ke magana. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma ɗakin da ke da mita 3 tsakanin bango da bango yana kumbura 57 Hz da 114 da 171. A jikin bango za ka ji bes ya ninka, a tsakiyar ɗakin kuma 57 ɗin ya kusa ɓacewa. Yawancin situdiyoyinmu a shagunan bulo masu wannan girma suke, kuma soson da muke mannawa a bango saman sauti kawai yake sha, ba ya taɓa kauri. Ka kunna bes ka zaga ɗakin da ƙafa, za ka ji da kanka. Akwai kuma binciken da Harvey Fletcher da Wilden Munson suka wallafa a Amurka a 1933, wanda ya nuna cewa kunne ya fi jin yankin 2,000 zuwa 5,000 Hz, kuma jin kauri yana raguwa sosai idan aka rage ƙara. Wanda ke haɗa sauti da ƙara mai tsanani zai ji bes ya wadata alhali bai kai ba. Ka tsayar da matsakaiciyar ƙara guda da za ka riƙa aiki da ita, ka riƙa saukewa ƙasa-ƙasa lokaci-lokaci don ka ji ko murya da kalangu suna nan.

Hamza, Asokore Mampong

Malam, tare da girmamawa, ina jin tsoron kada matasa su fita daga nan da fahimtar cewa ɗagawa haramun ce. Ikolaizar faramatirik, wadda ake zaɓar yanki da faɗinsa a cikinta, da George Massenburg ya gabatar a 1972 an yi ta ne da ɗagawa da ragewa duka, kuma akwai kayan kiɗan da ba sa rayuwa sai an ɗaga su. Jitar hailaif tana buƙatar ƙyallinta, kuma idan aka ɗauke ta kai tsaye ta kebul ba tare da amfilifaya ba takan zo a dushe, ragi kaɗai ba zai haska ta ba. Abin da na yarda da shi shi ne a daidaita ƙara bayan kowane gyara. Duk abin da aka ɗaga yakan fi ƙara, kunne kuma yana zaɓar mai ƙara ya ce shi ne mai kyau. Idan ka ɗaga desibel 4, ka sauke fitar ikolaizar har ƙarar ta yi daidai da ta farko, sannan ka kunna ka kashe ka yi hukunci.

Malam Awudu, Asawase

Ban haramta ba, Hamza, jeri nake nufi. A fara da share hanya, abin da ya rage yana buƙatar haske a ba shi, a faɗaɗe. Inda muka bambanta shi ne jitar da ka ambata. Ƙyallinta yana daidai wurin da Sadiya ta bar wa mawaƙi, don haka a wannan waƙa ni zan ɗaga ta sama da 5,000 Hz ne, in bar 3,000 ga mai magana.

Issaka, Aboabo

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na cire ɗagawar da ke kan murya, na shigo da kayan ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Malam ya ce, sai ga shi fiyano ne ya fi kowa rufe ta. Ragin desibel 3 a wajen 280 Hz ya buɗe waƙar sosai. Kalangu makirufo biyu ne, kuma juya folaritin ya dawo da kaurin da ban san yana nan ba, har sai da na sauke ƙararsa. Abin da ya rage shi ne wurin amshi, inda fiyano da bes suke buga abu ɗaya, kuma duk yadda na yanka ɗayan sai ɗayan ya yi rauni.

Baba Mai Kalangu, Sabon Zango

Wannan kuma ba na na'ura ba ne, ɗana, na makaɗa ne. Mu idan muna kiɗa da mai kuntuku da mai ɗan karɓi, kowa ya san inda zai buga da inda zai ɗaga hannu, kuma idan mawaƙi ya ɗauko sunan mutum nakan sassauta har ya sauke, sannan in amsa masa. Ka kira mai fiyanon ya dawo, ka ce masa a wurin amshi ya ɗauke hannunsa na hagu gaba ɗaya tunda bes yana riƙe da ƙasan, ko ya matsa da shi sama. Idan kuma a kwamfuta aka rubuta, ai sharewa ce kawai.

Hamza, Asokore Mampong

Idan a kwamfuta ne, yaya Issaka, kada ka share duka. Ka ɗaga sautukan hannun hagun da ninki ɗaya, wanda ke 65 Hz ya koma 130, wanda ke 98 ya koma 196, sannan ka sake sauraron ragin nan na 280 Hz, domin nauyin fiyanon ya sauya wuri kuma wataƙila yanzu desibel 2 ya isa ko kuma wurin ragin ya matsa. Ka turo mana daƙiƙa 30 na amshin a mono idan ka gama, ina so in ji yadda jitar ta zauna da matan.